Jemar Goshin Tudu

Da sunan Allah nake farawa, shi ya san abin da ke ƙirjina. Malam Habu, gyara zama ka jiƙa alƙalami. Ni ban san baƙi ba, ban san wasali ba, abin da bakina ya faɗa shi za ka sa. In ka ga na yi shiru ina share ido, ka jira ni, zan dawo.

Mijina ya rasu da ɗarin da ya wuce. An binne shi a Tudun Giyayya, can cikin fadama ta wajen Guri, inda muka yi zamanmu duka. Da na fita takaba sai ɗana Anaruwa ya ɗauko ni ya kawo ni nan Haɗeja, ya ce ba zai bari damina ta same ni ni kaɗai a tsakiyar ruwa ba. To ga shi bana ruwa ya zo da yawa. Masunta da suka shigo kasuwa sun ce rabonsu da ganin irinsa tun suna yara, wai tudu da dama sun nutse. Tun da na ji haka na matsa a je a dubo mini, don kabarin mutumin nan yana daidai inda ruwa yake fara bugun tudunmu. Shekaranjiya Anaruwa ya ari jirgi ya tafi dubowa. Ina nan zaune ina jira, ɗazu sai na ji wata mata tana tallan bado a lungu. Aka kira ta, ta buɗe ƙwaryar, warin laka ya buge ni. Nan take na koma shekarar babban ruwa, shi ya sa na aika a kira ka.

Ni 'yar jigawa ce, daga wani ƙauye kusa da Kaugama. Ruwan da na sani shi ne na rijiya. Ranar da aka kai ni gidan miji a jirgi aka kai ni, na runtse ido na ƙanƙame gefen jirgin har muka isa. Shi ya sa har ya bar duniya bai daina kirana 'Yar Jigawa ba. Ni kuwa sunansa bai taɓa fita bakina ba, ba kuma yau zai fita ba. Mai Gora nake ce masa, don a kan gora yake kwanciya ya bi ruwa da homarsa yana kamun kifi.

Tudun namu dogo ne siriri, kamar an kwantar da taɓarya cikin fadama. Da rani da ƙafa ake zuwa. In ruwa ya sauko sai ya zama tsibiri, mu da awakinmu da rumbunanmu. Ƙarshensa na yamma, inda ruwan kogi yake fara tarar da shi, shi muke kira goshi.

Ina amarya ya kai ni bakin ruwa, ya ce mu taka zuwa sama in ga maƙwabtana. Can cikin zurfi bado ne, ganyensa shimfiɗe kamar faifai. Kusa da shi burugu, mai zaƙin kara, wanda shanu ke mutuwar so. A gaɓa sai jema. Bayan jema giyayya da bagaruwa, sannan goruba da kabarta, sannan aduwa. Can ƙoli, inda rairayi yake ƙona ƙafa, sabara ce da tumfafiya. Na ga itatuwan gefen gabas duk sun karkata, ya ce iskar hadari ce ta tanƙwara su tun suna ƙanana. A wutsiyar tudun kuma akwai fili da kanwa ke fitowa fari fat, ba abin da ke tsira sai wata gajeriyar ciyawa mai kaushi, nan awaki ke zuwa lasa.

Ya ce, "Kowacce ta san iyakar ruwan da za ta iya. Giyayya sai ta tsaya cikin ruwa har ƙugu wata da watanni, ko a jikinta. Goruba tana son ƙafarta ta ji danshi, amma ba ta son jiƙo ya daɗe. Sabara kuwa 'yar garinku ce, da ta hango ruwa sai ta ruga sama."

Na ce, "Ai ta fi ku hankali."

Ya yi dariya ya ce, "To duk inda kika gan ta, nan za ki kafa murhu."

Al'adar tudun ita ce, duk amaryar da aka kawo, kafin ta ɗora tukunya sai an ba ta tushen jema ta dasa a goshi. In an haihu ma uba ya dasa wa jariri. Kai, Malam, jema ka san ta a zana. Abin da ba ka gani ba yana ƙasa. Saiwarta tana nutsawa ta fi tsayin mutum, ta saƙe kamar taru ta riƙe rairayi, kuma tana da wani ƙamshi mai sanyi da ba ya barin hannu. Na dasa tawa. Na haifi na fari, ya dasa masa. Yaron bai kai yaye ba ya koma. Ta biyu ma haka. Aka binne su kan ɗan tozon da ke bayan jemar. Mai Gora ba mai yawan magana ba ne kan irin wannan, ban taɓa ganin hawayensa ba. Amma kowace shekara in ruwa ya ja sai ya je ya tsaga tushen yaran nan ya ƙara jerawa, har layinmu ya yi tsawo ya yi kauri, ya rufe kusurwar goshi ta wajen kudu. In ya dawo na miƙa masa ruwa, daga hannunsa nake sanin inda ya je.

Sai aka jera shekaru ruwa ba ya zuwa sosai. Giyayya ta tsaya kan busasshiyar ƙasa, fadama ta dare kamar faso. Shinkafa ta ƙi, geron saman tudu ya ƙone tun bai yi kai ba. Wurin da ya rage da danshi shi ne goshi, ƙarƙashin jema. Yaya Kolo, wan mijina, shi ne babba a tudun, kuma shi ya fi kowa yawan bakin ciyarwa. Ya tara maza a gindin goruba ya ce a tone jema a shuka dawa. Mu mata muna jin su ta bayan zana.

Ya ce, "Ciyawa za mu ci? Ruwan da kuke tsoro ya manta hanyar nan."

Kowa ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba, yara na kuka. Mai Gora kaɗai ya ce, "Yaya, ku tone naku, har hannu zan sa muku. Amma layin kudu na 'Yar Jigawa ne da 'ya'yanta, a bar mini shi."

"Kai dai mace ta gama da kai. Ciyawar ma sai ka nemi izininta?"

"To Yaya, in na tone ta yi fushi, wa zai tuƙa mini tuwo? Kai?"

Aka fashe da dariya, aka bar masa. Tonon ya ba su wuya, har fartanya ta karye, don jema ba ta sakin ƙasa da daɗin rai. Ƙamshin saiwa ya cika tudun, mata suka yi ta kwasa don turare, ni ma na ɗiba na jefa cikin randa. Kuma ka rubuta wannan, don gaskiya ce: dawar ta yi. A shekarar farko ta yi kyau ƙwarai, ita ta fitar da mu. Yaya Kolo ya aiko mana da dami, ya ce a kai wa masu gadin ciyawa. Muka ci muka gode.

Shekarar da ta biyo ina da ciki. Damina ta sauka da wuri, ta kuma ƙi ɗagawa. Marka ta zauna, tufafi ba sa bushewa, gishiri ya narke cikin tukunya, jinka tana yoyo ta ko'ina. Ana cikin sheƙa ruwa na haihu, shi ya sa ake ce masa Anaruwa. Ubansa ya fita cikin ruwan nan ya dasa masa jemarsa a ƙarshen layi.

Amma ba ruwan da ke sauka a kanmu ne ke cin mu ba. Wanda ya zuba can ƙasashen yamma ne, sai ya taru ya biyo kogi ya iso mana bayan sama ta fara washewa. Rana ta fito tana ƙuna, gumi na tsiyaya, ruwa kuwa yana ta hawa ba hadari ba iska. Ya yi ja kamar kunun kanwa, yana ɗauke da kainuwa da karan gonakin mutanen da ba mu sani ba. Ɓeraye da macizai suka hauro tudu. Shinkafarmu ta yi ta miƙa wuya, ruwa ya fi ta sauri, ya rufe ta. Kullum da safe Mai Gora zai je ya dubi giyayya ya dawo. Ran nan ya ce, "Ya kama reshen farko."

Da azahar muka fara jin ƙarar. Wani irin ɓurum, sai shiru, sai kuma ɓurum. Goshi ne yake zaftarewa. Ƙasa ce take yankewa da dawar a tsaye a kanta, ta yi kai ba ta nuna ba, ta faɗa ruwa ta juya ta tafi. Yaya Kolo yana tsaye yana kallon gonarsa tana tafiya, hannuwansa a kai. Bayan gonar akwai wani ɗan kwari, bayan kwarin rumbuna da gidaje. Kowa ya san in ruwa ya kai kwarin nan zai raba tudun biyu ya wanke mu. Jiragenmu kuwa ba za su ɗauke ko rabin mutane ba, balle tsofaffi da dabbobi.

Inda duk aka kafa turke sai ruwa ya tumɓuke shi, ƙasar ta zama kamar gari. Wuri ɗaya turke ya kama, cikin layinmu na kudu. Daga nan aka fara. Maza suka hau giyayya suna saran rassa, ba gindi ba, suna feƙewa suna kafawa, suna jan shingen a karkace don ya ture ruwa gefe. Mata suka kwance zanar gidajensu kaf aka kai. Tudun ya zama fili, kowa na ganin tukunyar kowa, ba kuma abin ɓoyewa a cikinta. Bayan zana ana cusa damman burugu da kaba, ana zuba rairayi da kwando da ƙwarya da bakin zane.

Ni ina jego. Na ɗauki ƙwarya zan bi su, Ya Fanna matar Yaya Kolo ta fizge ta.

"Ke, ɗanyen jiki gare ki! So kike ki bar mana maraya ga ruwa ga yunwa? Zauna nan."

"Ya Fanna, 'ya'yana suna can."

Ta dube ni, sannan ta jibge mini kaba a gaba. "To tufka igiya. Ki tufka da ƙarfi, da ita za a ɗaure."

Na zauna gindin goruba da jariri a cinya ina tufka, har tafin hannuna ya tsattsage. Daga nan ina hango jemar. Ruwa ya hau ta har sai kawunanta kaɗai ake gani, ya kwantar da su su tashi, ya kwantar da su su tashi. Shingen farko ruwa ya tafi da rabinsa, aka sake. Mai Gora yana ciki har ƙirji, yana lalube da ƙafa. Duk sanda ya fito ɗaukar igiya sai in ce, "Tana nan?"

Ya ce, "Tana nan. Ta fi ki taurin kai."

Haka muka yi kwanaki, ban san adadinsu ba. Ga aiki ga yunwa. Mutanen gari suna zaton wanda ruwa ya kewaye kifi yake ci ya ƙoshi. In ruwa ya cika haka kifi watsewa yake cikin ciyawa, sai mutum ya yini da homa ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Rumbuna sun kusa ƙasa tun kafin ruwan. Bado muka koma. Da sassafe mata su shiga ruwa su tsinko kawunansa, su nutsa su tono tushen, a shanya kan tabarma, a daka, a tuƙa. Tuwonsa toka-toka ne, yana warin laka, yana cika ciki amma ba ya zama. Miya ta ganyen tafasa ce. Yara su yini suna gwaguyar goruba da tsotsar karan burugu har leɓensu ya fashe. Itacen wankan jegona ma ya gagara, sai ƙwallon goruba da busasshen kashin shanu Ya Fanna take tarawa ta dafa mini ruwa, hayaƙin na sa mu hawaye mu biyu. Nonona ya ja baya. Anaruwa ya daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan siririn sauti kamar na ɗan kyanwa. Na riga na binne biyu, na san wannan sautin.

Ran nan da la'asar na ji sallama. Yaya Kolo ne. Ya tsaya daidai inda ƙofarmu take a da, ko da yake ba zana ba ƙofa, muna ganinsa yana ganinmu, bai tako ba sai da aka amsa. Ya rame, laka har gemu. Ya ajiye 'yar ƙwarya a rufe da faifai.

Ya ce, "A dama wa mai jego kunu."

Mai Gora ya ɗaga faifan ya ce, "Yaya, wannan ai geronka ne na iri."

"Gonar da zan shuka shi tana cikin kogi. Karɓi." Ya juya zai tafi, ya tsaya, bai waiwayo ba. "In Allah ya sa ruwa ya ja, ni ma zan zo roƙon iri. Na ciyawa."

"Sai ka tambayi mai ita, Yaya. Ka san ni ba ni da iko."

Yaya Kolo ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Kunun nan kaɗan-kaɗan aka riƙa dama mini, da kanwar wutsiyar tudu. Nono ya dawo.

Ya Fanna ce ta fara gani. Ta je wanke tukunya da hantsi, sai muka ji guɗa. Muka fito a firgice, ta nuna jikin giyayya: ga jiƙaƙƙen zobe a saman ruwa, faɗin yatsu. Ruwa ya fara ja. Ya ci gonar duka, ya zo gab da kwarin, bai shiga ba. Kusurwar kudu ko taku ɗaya ba ta bayar ba.

Da ƙasa ta fito, tun tana da laushi, tudun duka ya hallara a goshi. Aka ce ni zan tsaga. Na durƙusa da goyo ina ɓantaro tushe ina miƙawa, Yaya Kolo ne ya fara karɓa da hannu biyu. Abin da ruwa ya ci bai dawo ba har yau, amma sabuwar gaɓar duka aka jere ta. Saboda haka duk jemar da ke goshin Tudun Giyayya yanzu ta 'ya'yana ce, waɗanda ba su yi tsawon kwanan da za su taka ƙasar ba.

Nan Haɗeja ganuwa ce take tsare mutane daga ruwa, ga ta nan ƙatuwa kowa na gani. Matar Anaruwa tana kula da ni, tuwon gero kullum, ban rasa komai ba. Sai dai in na farka ba na jin kukan agwagin ruwa, kuma ba wanda zai shigo in gane inda ya je daga hannunsa. Yaya Kolo ya tafi, Ya Fanna ta tafi. Da ciwo ya kwantar da Mai Gora ya ce a sa shi kusa da yaran. Ya dube ni ya ce, "Kada ki bari su kai ni jigawarku, ƙishirwa za ta dame ni." Ina kuka ina dariya. Zaman da muka yi ya fi shekarun da na yi a gidan ubana nesa ba kusa ba, amma wallahi, Malam, bai ishe ni ba.

Mu tsaya nan. Muryata ta ƙi.

Malam, ci gaba daga inda muka tsaya jiya. Anaruwa ya dawo yau da hantsi, wandonsa duk laka, ga furfurar gemunsa ta yi ja. Ya durƙusa ya gaishe ni, aka ba shi ruwa ya sha.

Ya ce, "Inna, ruwa ya shiga gida. Ɗakinki ya faɗi."

Na ce, "Ba ɗaki na aike ka dubowa ba."

Sai ya buɗe burgaminsa ya fito da ɗan tushen jema da saiwarsa, a naɗe cikin ganyen bado. Ya ce, "Ruwan ya hau jemar, ya wuce ta kaɗan, ya tsaya. Tsakaninsa da Baba kamar a shimfiɗa tabarma. Ƙasar ba ta motsa ba, Inna, su uku suna nan lafiya. Na baro ya fara ja."

Na ce, "Kai, tonowa ka yi?"

"Tsagowa na yi, ɗan kaɗan, na mayar da ƙasa na taka. Wa ya koya mini?"

Na sa an dasa shi cikin tsohuwar tukunya kusa da randa, inda ruwa ke ɗiga. Na gaya wa Anaruwa in hanya ta buɗe zai mai da ni, ya fara kawo maganar ƙafafuna, na ce ko a jirgi ne, kuma wannan karon idona a buɗe zan tafi. An dasa wa amare, an dasa wa jarirai, shi da ya yi ta dasa wa mutane ban taɓa dasa masa ba. Da hannuna zan sa wannan a gabansa, in bar ɗan wuri a gefe.

Na cire saiwa ɗaya na riƙe. Ajiye alƙalamin, Malam, miƙo hannu. Shinshina ka ji. Haka hannunsa yake.